Yadda Ake Cin Moriyar Mako Guda a Kankun: Teku, Rijiyoyin Maya da Hutu

Kankun gari ne na mai sammako. Wannan nake fara gaya wa duk wanda ya ce mini zai je, tun kafin mu shiga maganar otal ko tikitin jirgi. Da fitowar rana za ka tarar da teku shuɗi garai-garai, rairayi fari tas kamar garin alkama, iska na kaɗawa a hankali, kuma ba kowa a bakin ruwa sai masu shara da tsuntsaye. Kafin ƙarfe 11 rana ta buɗe wuta, manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika ko'ina, layi ya miƙe a kowace ƙofa. Yawancin baƙin garin da dare suke rayuwa, sai kusan azahar suke tashi. Wanda ya saba tashi sallar asuba ya riga su samun mafi daɗin garin, ba tare da ya ƙara ko kwabo ba. A kan wannan na gina duk matakan da ke ƙasa.

Garin yana jihar Quintana Roo, a gabashin Meziko, bakin tekun Karebiyan. Kafin 1970 babu komai a wurin sai 'yan masunta da gonar kwakwa. Gwamnati ce ta zaɓi wurin da gangan ta gina shi don baƙi. Shi ya sa ya rabu gida biyu: unguwar otal-otal, wato Zona Hotelera, wadda siririn tsibiri ne mai siffar lamba 7, tsawonsa ya haura kilomita 20, da kuma cikin gari, El Centro, inda ma'aikatan otal-otal ɗin suke zaune da iyalansu.

Mataki na 1: Takardu da hanya

Mai fasfo na Najeriya yana buƙatar biza, kuma Meziko tana da ofishin jakadanci a Abuja. Sai dai akwai sauƙi guda: wanda ke riƙe da bizar Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ta ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, da ba ta ƙare ba, ana barinsa ya shiga yawon buɗe ido da ita. Ka tabbatar da wannan daga ofishin jakadancin da kuma kamfanin jirgin kafin ka biya tikiti, domin su ne za su hana ka hawa idan takarda ba ta cika ba.

Hanya ita ce inda mutane suka fi yin asara. Tikitin da ya bi ta Amurka sau da yawa ya fi araha, amma Amurka ba ta yarda ka canza jirgi a ƙasarta ba tare da bizarta ba, ko da ba za ka fita daga filin jirgi ba. Filayen jiragen ƙasashen Schengen su ma suna neman bizar wucewa daga 'yan Najeriya da 'yan Ghana, in ba suna riƙe da wata biza da ta ɗauke musu ita ba. Turkish Airlines yana tashi daga Istanbul zuwa Kankun, ya ɗan yada zango a birnin Meziko, don haka wannan hanyar ta cancanci dubawa.

Biza ba ita ce izinin shiga ba. Jami'in da ke filin jirgi ne ke da magana ta ƙarshe, shi ne kuma ke rubuta adadin kwanakin da ya ba ka a fasfo. Ka buga tikitin dawowa, takardar otal da tsarin tafiyarka a takarda, ka riƙe a hannu, kada ka dogara da waya. Akwai kuma harajin baƙi na jihar mai suna Visitax, wanda aka fara karɓa a 2021. A intanet ake biya, bai kai dala 20 ba, amma shafukan bogi da ke ninka kuɗin suna da yawa, sai ka nemi na gwamnatin jihar.

Kilishi da dambun nama kuwa, ka bar su a gida. Ba a shiga ƙasar da nama irin wannan, haka ma ɗanyun 'ya'yan itace da iri.

Mataki na 2: Zaɓen wata

Daga Disamba zuwa Afrilu rani ne, sama garau, zafi da sauƙi, kuɗin otal kuma a sama. Daga 1 ga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne, ta fi yin barazana daga Agusta zuwa Oktoba. Mutanen garin ba su manta da guguwar Wilma ba, wadda ta yi musu mummunar ɓarna a Oktoban 2005.

Sai ciyawar teku da suke kira sargazo. Launinta ruwan ƙasa ne, igiyar ruwa ke turo ta ta jibge a bakin gaɓa, in ta ruɓe kuma warinta kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ta fi yawa daga Afrilu zuwa Agusta, kuma gaɓar da ke fuskantar gabas ta fi shan wahalarta. A watan Maris ɗaliban jami'o'in Amurka ke cika garin don hutunsu, da hayaniya da shaye-shaye. Mai iyali ya kauce wa wannan watan. A ganina ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, ko ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, sun fi kowane lokaci.

Mataki na 3: Masauki

Yawancin manyan otal-otal na unguwar bakin teku irin waɗanda ake biyan kuɗi a dunƙule ne, todo incluido, wato ɗaki da ci da sha duka ciki. Ka yi lissafi da kyau kafin ka shiga wannan. Wani kaso na kuɗin na giya ne da ba ka sha, teburin abinci kuma cike yake da naman da ba ka ci. Ga wata illa: wanda ya riga ya biya kuɗin abincin rana yana jin asara idan ya fita, sai ya ƙare mako guda tsakanin ɗaki da kududdufin wanka, ya dawo gida bai ga Meziko ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne raba makon. Kwana uku ko huɗu na farko a ƙaramin otal cikin gari, kusa da tashar kamfanin bas na ADO, ka yi yawace-yawacenka daga can. Sauran kwanakin ka koma bakin teku ka huta.

In za ka zaɓi otal a bakin teku, ka tuna da siffar lamba 7 ɗin nan. Gajeren hannunta na sama yana fuskantar arewa, tsibirin Isla Mujeres ya tare masa igiyar ruwa, don haka ruwansa a kwance yake, ya dace da yara da wanda bai iya iyo ba. Dogon hannun yana fuskantar buɗaɗɗen teku, ya fi kyan gani, amma igiyarsa da ƙarfi. Kusurwar da suka haɗu, Punta Cancún, wajen alamar kilomita 9 a kan titin Kukulcán da ya ratsa unguwar, nan ne gidajen rawa suke, kiɗa har asuba.

Mataki na 4: Fita daga filin jirgi

Bayan ka ɗauki jakarka za ka ratsa wani dogon zaure. Mutane masu tsafta, da baji a ƙirji, za su tare ka da fara'a suna tambayar otal ɗin da za ka, kamar ma'aikatan filin jirgi. Dillalai ne masu sayar da hannun jarin ɗakunan hutu. Za su yi maka tayin yawo kyauta ko mota kyauta, a madadin ka zauna sauraron tallarsu na "minti 90", wanda kan cinye rabin yini. Ka ce "No, gracias", kada ka tsaya, har sai ka fita waje.

A waje, in ka riga ka yi hayar mota tun daga gida, direban yana nan da allo mai sunanka. In ba haka ba, bas ɗin ADO yana zuwa tsakiyar gari kai tsaye, da sanyi da kujera mai kyau, kuma kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da tasin filin jirgi.

Mataki na 5: Kuɗi da zirga-zirga

Kuɗin ƙasar peso ne, kuma alamarsa $ ce, iri ɗaya da ta dalar Amurka. In ka ga farashi a shagon baƙi, ka tambaya: peso ko dala? Ka riƙa biya da peso, domin canjin da masu shago ke yi wa dala ba ya yi maka daɗi. Ka ciri kuɗi a na'urar da ke cikin banki, ba ta gefen titi ba. A gidan abinci ana barin tukwici, propina, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, kuma ma'aikata da shi suke cika albashinsu. Ka duba takardar kuɗin tukuna, wani lokaci an riga an saka shi ciki.

Bas-bas masu lamba R-1 da R-2 suna kai da kawo tsakanin cikin gari da unguwar otal-otal, kusan kowane 'yan mintoci. Tasi ba ta da mita, sai ku yi ciniki kafin ka shiga. Soket ɗinsu irin na Amurka ne mai siraran ƙafafu biyu, don haka ka zo da abin haɗi. Layin waya na Telcel da katin kira ana samu a shagunan OXXO da ke kowace kwana. Lambar gaggawa 911. Agogon Kankun yana bayan na Najeriya da Nijar da awa 6.

Mataki na 6: Ranar farko, sanin teku

Kada ka shirya wani babban abu ranar farko, jikinka yana kan agogon gida. Za ka farka tun cikin dare, to ka yi amfani da hakan. Bayan asuba ka hau bas zuwa Playa Delfines, wajen alamar kilomita 18 a kan titin Kukulcán. Babu otal da ya tare gabanta, kana tsaye a kan tudu teku na shimfiɗe a ƙasa, launi uku ko huɗu na shuɗi da kore a jere. Rairayin garin murjani ne da ɓawon halittun ruwa, shi ya sa ko da tsakar rana ba ya ƙona ƙafa kamar yashin da muka sani. A dokar Meziko bakin teku na jama'a ne, ko a gaban otal mafi tsada kana da ikon tafiya da zama a gaɓar ruwa. Kujeru da lema ne kawai nasu.

Ka koyi karanta tuta kafin ka jiƙa ƙafarka. Kore, a shiga. Rawaya, a yi hattara. Ja, akwai haɗari. Baƙa, an hana shiga. Wanda ya koyi iyo a rafi ko kududdufi kada ya ɗauka teku haka yake. Akwai wata igiya da ke ja daga gaɓa zuwa ciki, kuma ba a kokawa da ita. In ta kama ka, ka yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ka fita daga cikinta, sannan ka juyo. Ka shiga ruwa a inda akwai masu gadin ceto kawai. Ɗaya gefen titin kuma tafkin Nichupté ne, da kadoji na gaske a ciki. Allunan gargaɗin da ke wurin ba ado ba ne.

Kafin rana ta yi zafi ka tsallaka zuwa kufan El Rey da ke nan kusa, tsohon ƙauyen Maya, mutanen asalin yankin, inda manyan ƙadangaru masu kama da damo suke shan hantsi a kan duwatsu. Daga nan sai Museo Maya a kilomita 16.5, gidan tarihi da aka buɗe a 2012. Akwai sanyi ciki, kuma abin da ka gani a can shi zai buɗe maka ido ranar da za ka Chichén Itzá, kufan tsohon birnin Maya. Ba a buɗewa ranar Litinin.

Mataki na 7: Isla Mujeres

Jirgin fito na Ultramar yana tashi daga Puerto Juárez, tafiyar kamar minti 20. Ka kama ɗaya daga cikin jiragen farko, ka hau saman bene. Tsibirin, wanda ake faɗin sunansa Isla Muheres, tsawonsa kilomita 7 ne kacal. Turawan Sifaniya da suka iso a 1517 ne suka sa masa wannan suna, tsibirin mata, saboda gumakan mata da suka tarar na Ixchel, abar bautar Maya.

Ka yi hayar ƙaramar motar filin golf, da lasisin tuƙinka a hannu, ka fara da kudancin tsibirin, Punta Sur, inda igiya ke dukan duwatsu. Kafin jama'a su cika wurin ka gama. Sannan ka dawo arewa, Playa Norte. Nan ne wurin wanda bai taɓa shiga teku ba: ruwa a kwance, kana tafiya mai nisa bai wuce ƙugu ba, kana hango yatsun ƙafarka a ƙasa.

Mai son leƙa ƙarƙashin ruwa, tsakanin tsibirin da Kankun akwai MUSA, gidan tarihi na ƙarƙashin ruwa, inda tun 2009 aka nutsar da mutum-mutumi sama da 500 domin murjani ya tsiro a kansu, a rage wa murjanin asali cunkoson baƙi. Ba sai ka iya nutso ba. Ana ba da tabarau da bututun numfashi da rigar da ke hana nutsewa, akwai ma jirgi mai ƙasan gilashi. Daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Satumba kuma ana fita teku ganin tiburón ballena, kifi mafi girma a duniya, wanda kan kai mita 10, amma ƙananan halittun ruwa kawai yake tacewa ya ci. Ba a taɓa shi, kuma tafiyar tana da jijjiga, sai mai tashin zuciya ya sha magani tun kafin a tashi. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska ya bari awa 24 ta wuce kafin ya hau jirgin sama.

Mataki na 8: Chichén Itzá da rijiya

Wannan ita ce babbar rana, ita ce kuma inda sammako ya fi biya. Nisan kusan kilomita 200 ne, awa biyu da rabi ta babbar hanya mai kuɗin shiga. Ga wata dabara: Chichén Itzá tana jihar Yucatán, wadda agogonta ke bayan na Kankun da awa ɗaya. In ka bar Kankun da 6:30, za ka iso 8:00 agogon can, daidai lokacin buɗe ƙofa. Motocin rukuni da ke bin otal-otal suna kwasar mutane ba sa isowa sai rana ta take. Ka yi hayar mota ko direba, ko ka shiga ƙaramin rukuni mai tashi da wuri. Jirgin ƙasa na Tren Maya, da ya fara aiki a Disamban 2023, shi ma yana da tasha a can. Ka guji Lahadi, ranar da 'yan ƙasa ke shiga kyauta. Kuɗin shiga kashi biyu ne, na tarayya da na jiha, kada ka zaci an cuce ka.

Ginin farko da za ka ci karo da shi shi ne El Castillo, dala mai tsayin mita 30 har da ɗakin da ke samanta. Matakala 91 a kowane ɓangare huɗu, in aka haɗa da dandamalin sama sun zama 365, adadin kwanakin shekara. A Maris da Satumba, lokacin da dare da rana suke daidaita, inuwa kan sauko ta gefen matakalar arewa kamar maciji. An hana hawa yanzu. Amma ka tsaya a gaban matakalar ka tafa hannu sau ɗaya. Amsa-kuwwar da za ta dawo ba tafi ba ce, wani siririn kuka ne kamar na tsuntsu. Da na fara ji sai da na sake tafawa sau uku, ina kallon duwatsun da aka jera shekaru kusan dubu da suka wuce, ba ƙarfe, ba dabbar jan kaya.

Ka ɗauki ɗan jagora mai katin shaida a ƙofa, kuɗin ba asara ba ne. Zai nuna maka filin wasan ƙwallo mai tsawon mita 168, da zobban dutse can sama a bango, da El Caracol inda masanansu ke duban taurari, da rijiyar da ake jefa hadaya. Hukumar UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya a 1988. Inuwa ba ta da yawa, sai hula da ruwa. Awa biyu da rabi sun isa.

Daga nan sai rijiya. Ƙasar Yucatán dutsen farar ƙasa ce, ruwan sama yana shigewa ciki, don haka kusan babu kogi a sarari, a ƙarƙashin ƙasa kogunan suke gudu. Inda rufin dutsen ya rufta sai ruwan ya bayyana. Wannan ramin shi ake kira cenote, ana faɗinsa senote, kuma akwai dubbansu. Da su al'ummar Maya suka rayu.

Ik Kil tana kusa da Chichén Itzá. Kana sauka ta matakalar da aka sassaƙa cikin dutse, mita 26 ƙasa, zafi na raguwa da kowane taku. A ƙasa ruwa ne zagaye, saiwoyin itatuwa sun zubo tun daga bakin ramin har suna taɓa shi, haske na saukowa kamar ta tagar sama, ƙananan baƙaƙen kifaye na zagaya ƙafarka. Ruwan daɗi ne, ba gishiri, da sanyin da ke ratsa ƙashi a minti na farko sannan ya zama ni'ima. Zurfinsa ya kai mita 40, saboda haka rigar hana nutsewa dole ce ko ka iya iyo. Ka yi wanka a famfon wurin kafin ka shiga, kada ka shafa mai ko turare, domin ruwan nan shi ne ruwan ƙasar baki ɗaya. In Ik Kil ta cika, kewayen Valladolid akwai wasu, kamar Oxman da Suytun.

Ka ci abincin rana a Valladolid, tsohon gari da aka kafa a 1543, mai gidaje masu launi-launi da dandali mai inuwa. Ka kama hanya kafin duhu, kana tuna cewa awar da ka ci riba da safe za ka mayar da ita. Washegari kada ka je ko'ina.

Kufan Tulum, mai ganuwa a kan dutse bisa teku, yana kilomita 130 kudu da Kankun. In kwanakinka sun kai, ka je, shi ma da sassafe. In ba su kai ba, Chichén Itzá ta wadatar.

Mataki na 9: Abin da za ka ci

A nan sai an buɗe ido, domin alade ya shiga girkin yankin sosai. Sunayen da za ka kauce wa: puerco, cerdo, cochinita pibil, al pastor, carnitas, poc chuc, chicharrón, chorizo, jamón, tocino. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne manteca, kitsen alade, da ake sawa a dakakken wake, da tamales, da wasu wainar fulawa. Ka haddace jimla biyu: "Sin puerco, por favor", wato ban da alade, da "¿Tiene manteca?", wato akwai kitse a ciki? Kifin da aka tsoma a ƙullu kafin suya wani lokaci da giya ake dama ƙullun, sai ka nemi gasasshe, a la plancha. Naman yanka na halal yana da wuyar samu, don haka ka mayar da makon na kifi.

Kuma ba ka yi rashi ba. Tikin xic kifi ne da ake tsagawa a shafe da jan haɗin achiote da ruwan lemo mai tsami a gasa a garwashi, Isla Mujeres ta yi suna a kansa. Ceviche kifi ne ko jatan lande da aka jiƙa da lemon tsami da albasa da tumatir. Papadzules wainar masara ce da dafaffen ƙwai a ciki, an zuba mata miyar 'ya'yan kabewa, ɗanɗanonta ya yi kusa da agushi. Barkononsu habanero ɗan'uwan attarugu ne, a fara da kaɗan.

Da yamma ka je Parque de las Palapas a cikin gari, inda iyalai ke fitowa shan iska, yara na tuƙa 'yan motocin wasa. Ka sayi marquesita, siririyar waina mai ƙaras-ƙaras da aka naɗe da cuku a ciki, da esquites, dafaffiyar masara a kofi da lemon tsami da yaji. A can na ga manyan tuluna na gilashi jere a kan tebur, ɗaya ja wur. Na nuna, matar ta ce agua de jamaica. Kurɓa ɗaya na gane shi: zoɓo ne, sai dai ba citta ba kanumfari. Ba abin mamaki ba ne, domin Meziko ce babbar mai sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da maƙwabtansu. Kusa da shi akwai tamarindo, ruwan tsamiya, da horchata, farin abin sha na shinkafa da kirfa. Ruwan famfo kuwa ba a sha, sai na gora.

Tsaraba a Mercado 28 ake saye, kuma ana ciniki kamar kasuwar gida. Farashin farko na baƙo ne, ka taya ƙasa da fara'a. Ragar kwanciya ta Yucatán da ake saƙawa da hannu, da vanilla, da cakulan, sun cancanci wurin da za su ci a jaka.

Mataki na 10: Hutun kansa

Kwanakin ƙarshe ka tsara su kamar haka: teku da hantsi, ɗaki daga sha ɗaya zuwa la'asar, teku ko yawo da yamma. Ranar Karebiyan tana ƙona baƙar fata ma, musamman kafaɗa da hanci, ga gumi mai yawa saboda laimar iska. Ka sha ruwa fiye da yadda ka saba.

'Yar'uwa, rigar iyo mai rufe jiki duka ba baƙuwa ba ce a can, mutane da yawa suna sa riga mai dogon hannu saboda rana. Ki zo da taki daga gida, mai sauƙin bushewa, ba mai nauyi da za ta ja ki a ruwa ba. Gaskiya ne tsiraici yana da yawa a bakin teku da tsakar rana, wannan ma wani dalili ne na fita da wuri da zaɓar otal ɗin iyali.

Alƙibla daga Kankun arewa maso gabas take. Musulmi kaɗan ne a garin, ba za ka ji kiran sallah ba, sai ka saita lokuta a waya, ka zo da dardumarka da 'yar buta, domin banɗakunansu ba su da abin tsarki. Tun 2023 an hana shan taba a wuraren jama'a, har da bakin teku. Duk wanda ya raɗa maka tallar wani abu a gefen titi da dare, ka wuce kamar ba ka ji ba, kusan duk rigimar da ake ji a garin daga wannan harkar take fitowa.

Idan zuwanka ya faɗo tsakanin Mayu da Oktoba, lokacin ne kunkurun teku ke fitowa da dare su haƙa rami su yi ƙwai. Za ka ga an killace wasu wurare a rairayi da 'yan sanduna. In ka yi sa'ar ganin ɗaya, ka tsaya daga nesa, ka kashe fitilar waya, ka yi shiru har ta gama ta koma ruwa.

Ranar tafiya ka bar otal da isasshen lokaci. Titi ɗaya ne ya ratsa unguwar otal-otal, kuma yakan cushe. Filin jirgin yana da tashoshi huɗu da ba a haɗe suke ba, ka duba lambar taka a tikiti tun da dare, ka isa awa uku kafin tashi, da shaidar biyan Visitax a wayarka.